Yadda zaka auna ƙungiyar da ke shan kashi a ƙwallon jami'o'in Amurka da alƙaluma: mu ɗauki Nebraska ta 2021

Ƙungiya ta buga wasa 12 ta ci 3 an doke ta a 9, kowa ya kalli teburi zai ce ai wannan ta mutu a kai kasuwa. To amma a ƙwallon Amurka na jami'o'i, wannan mai hular kwano da kokawa, wasa 12 kacal ake bugawa a kaka guda, ba 38 irin na Firimiya ba, don haka ƙwallo ɗaya da ta kuɓuce a hannu a minti na ƙarshe tana iya canza yadda za a tuna da shekara guda sukutum. Shi yasa ƙirga nasara da rashin nasara kaɗai baya gaya maka komai sosai. Zan bi da kai yadda nake duba irin wannan ƙungiya mataki-mataki, kuma da ƙungiyar jami'ar Nebraska ta kakar 2021 zamu yi aikin, don ban ga misalin da ya kai ta rikitarwa ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, a gurguje: ana baka dama huɗu ka ci yadi 10, in ka ci a sabunta maka wasu huɗun. Ka kai ƙwallo ƙarshen fili, tacdawun kenan, maki 6, sai ƙaramin bugu na ƙari maki 1, ko ka gwada sake shiga da ita a baka 2. Bugun tsakanin sanduna daga nesa maki 3 ne. In ka ga dama ta huɗu ta zo kuma ba zaka iya ba, sai ka doka ta can nesa ka sallama wa abokan hamayya, shi ne fant. In aka kayar da kai da ƙwallo a cikin gidanka, su ke samun maki 2. Wannan ya isheka bin sauran.

Ita Nebraska ba ƙaramar alhaki bace, ta ɗauki kofin ƙasa sau biyar, 1970, 1971, 1994, 1995 da 1997, filinta na Memorial a garin Lincoln tun 1962 tikiti baya kwantai. Kocinta a lokacin Scott Frost ɗan gida ne, shi ne kwatabak ɗin, wato mai jifan ƙwallo da jagorantar hari, da ya ja su a 1997, kuma ya zo ne daga horar da jami'ar UCF ta jihar Florida inda ya ci wasa 13 ba a doke shi ko sau ɗaya ba a 2017. Ka ga dai irin burin da aka ɗora masa.

Mataki na farko: rubuta makin kowane wasa a jere

Kar ka fara da wani lissafi mai wuya. Buɗe ESPN ko Sports Reference, ka ɗauki biro ka kwafe sakamakon duka wasannin. Na Nebraska ga su: ta ci Fordham 52-7, Buffalo 28-3, Northwestern 56-7. An doke ta a hannun Illinois 30-22, Oklahoma 23-16, Michigan State 23-20 bayan ƙarin lokaci, Michigan 32-29, Minnesota 30-23, Purdue 28-23, Ohio State 26-17, Wisconsin 35-28, sai Iowa 28-21.

Yanzu fitar da ratar kowane kaye: 8, 7, 3, 3, 7, 5, 9, 7, 7. Duba da kyau, ba ko ɗaya da ya kai 10. A wannan wasan in rata bata wuce 8 ba ana ɗaukarsa wasan da hari ɗaya zai iya ramawa, tunda tacdawun da ƙarin 2 ya zama 8, to takwas cikin tara na kayen Nebraska irin wannan ne, na taran ma 9 ne a hannun Ohio State. Ka tara duka, sun zura 335 an zura musu 272, wato ƙungiyar da ta sha kashi sau tara ta fi abokan karawarta da maki 63. Abin da ya fi ban mamaki a cikin gasarsu ta Big Ten ne, wasa tara, nasara ɗaya kaye takwas, amma sun ci 239 an ci su 239, cif-cif. Ratar 49 da suka ba Northwestern ita ce daidai jimlar ratar kaye takwas ɗin.

Ita kuma Northwestern ɗin a wannan shekarar 3-9 ta gama, 1-8 a gasa, sak da Nebraska a teburi. Ƙungiyoyi biyu layi ɗaya, amma da suka haɗu 56-7 aka tashi. In kana neman hujjar cewa teburi na ɓoye abu, ga ta nan.

Na biyu, lissafa nasarar da makin ya kamata ya haifar

Akwai wata dabara da Bill James ya ƙirƙiro a wasan besbol aka aro ta zuwa nan. Ka ninka makin da aka ci da kansa, ka ninka wanda aka zura maka da kansa, sai ka raba na farkon da jimlar biyun. 335 sau 335 ya baka 112,225, 272 sau 272 ya baka 73,984, jimla 186,209, ka raba sai ka samu kusan kashi 60 cikin ɗari. Kashi 60 na wasa 12 wajen nasara 7 kenan. Masu zurfafawa suna amfani da 2.37 maimakon ninki biyu, amsar dai bata yi nisa ba, bakwai da ɗoriya. Nasara 6 ake buƙata a samu gurbin wasan bol na ƙarshen kaka, kenan a lissafi Nebraska ta cancanci zuwa har da canji, a zahiri kuwa gida ta zauna.

Amma tsaya, kar ka yi saurin yanke hukunci, nan ne da yawa suke zamewa.

Na uku: su waye aka doka, su waye suka doke ka

Fordham ba ma a rukuni ɗaya suke ba, ƴar FCS ce, matakin ƙasa, irin wasan da manyan makarantu ke biyan ƙananan kuɗi su zo a lallasa su a gida. Buffalo daga ƙaramar gasar MAC take. Ratar waɗannan biyun kaɗai 70 ce, ka cire su sai ribar 63 ɗin nan ta koma bashin 7. To ka ga lissafin mataki na biyu ya ɗan kumbura, kuma a ƙwallon jami'o'i kullum haka ne saboda tazarar ƙarfi tsakanin makarantu ta yi yawa, ba kamar NFL, gasar ƙwararru, ba inda ƙungiyoyi 32 suke kusa da juna. Duk lokacin da zaka yi wannan aikin ka yi shi sau biyu, ɗaya da duka wasanni, ɗaya da wasannin tsara kawai.

Sannan ka juya ɗaya ɓangaren don adalci. Michigan ta ɗauki Big Ten a shekarar ta shiga cikin huɗun ƙarshe na ƙasa, Ohio State da Michigan State da Oklahoma kowacce ta ci wasa 11, Iowa 10, Wisconsin da Minnesota da Purdue tara-tara. Illinois ce kaɗai cikin waɗanda suka doke su ta gama da kaye fiye da nasara. Wanda ya yi kafaɗa da kafaɗa da waɗannan har minti na ƙarshe ba rago bane ko me teburi ya ce.

Wani abu da za a haɗa nan, cire lokacin da wasa ya riga ya mutu. In ana 49-7 a kwata ta huɗu yaran benci ne a fili, yadin da aka ci a lokacin baya nuna komai, haka ma ƙungiyar da aka yi wa 35-0 ta zo ta zura biyu a ƙarshe don rage kunya. Shafin CollegeFootballData yana da wurin da zaka latsa ya cire maka irin wannan lokacin, ka latsa shi kullum.

Na huɗu: bar jimlar yadi, koma yadi a kowane taku

Masu sharhi a talabijin suna son cewa wance ta ci yadi 400 yau. A ƙaddara ta ci 400 ɗin a taku 85, wato gwaji 85 na ciyar da ƙwallo gaba, abokiyar karawarta ta ci 380 a taku 55, ta farko 4.7 take samu duk taku ta biyu 6.9, wa ya fi motsa ƙwallo? Wasu ƙungiyoyin da gudu suke wasa wasu kuma cin agogo suke, don haka jimla tana gaya maka saurinsu ne kawai. Raba yadi da yawan taku, ka yi na hari ka yi na tsaro, ka cire wannan daga wancan. In sakamakon yana sama da sifili a wasannin tsara amma ana ta doke su, matsalar ba a tsakiyar fili take ba, sai a nemo ta wani wuri.

Hattara da wani tarko na NCAA, hukumar wasannin jami'o'i: in aka kayar da kwatabak kafin ya jefa ƙwallo, yadin da aka rasa ana cire shi ne daga lissafin gudu da ƙwallo, ba daga na jifa ba kamar yadda NFL ke yi. Sai ka ga an ce ƙungiya bata iya gudu ba alhali masu tare wa kwatabak ne suke barin ƙofa a buɗe. Ka ware waɗannan da hannunka ka mayar da su ɓangaren jifa kafin ka zagi mai gudu.

Bayan wannan sai kason takun da ya yi amfani, ma'aunin da Bill Connelly mai tsarin auna ƙarfin ƙungiyoyi na SP+ ya yaɗa. Dokar mai sauƙi ce, a dama ta farko ka ci rabin yadin da ake nema, a ta biyu kashi 70, a ta uku da ta huɗu sai duka. Ana neman 10 a damar farko ka ci 5, ya yi. Ana neman 12 a dama ta uku ka ci 11, a takarda yadi 11 ne masu kyau amma a wasa banza ne don fant zaka yi. Amfanin wannan shi ne yana raba maka ƙungiyar da ke tafiya a kai a kai da wadda take zaune shiru sai can ta fasa gudu ɗaya na yadi 70 ya gyara mata matsakaici. In yadi a taku yana da kyau amma wannan kason ya yi ƙasa, kana kallon ƙungiyar da ke rayuwa da dogon hari, ranar da bai zo ba shikenan.

Shi Connelly abu biyar yake cewa suna yanke wasa: inganci, dogon hari, inda kake fara hari, ƙarasa hari, da asarar ƙwallo. Biyun farko mun taɓa su. Ukun ƙarshe nan ne gawar Nebraska take, don haka nan zan daɗe.

Na biyar: bi kowane kaye ka nemo makin da aka bayar kyauta

Wannan matakin ba a teburin alƙaluma ake yinsa ba, sai ka buɗe bayanin wasa taku bayan taku ka karanta, yana cin lokaci amma shi ne aikin. Abin da kake nema duk makin da aka ci ka ba tare da an ratsa tsaronka ba, da duk makin da ka bari a ƙasa da ƙafarka.

Illinois, wasan farko. Mai karɓar fant ya je ya kama ƙwallo a bakin gidansa, abin ya ƙare da maki 2 ga Illinois, sannan dab da hutun rabin lokaci ƙwallo ta kuɓuce wa kwatabak Adrian Martinez aka ɗauka aka ruga da ita har gida, ga kuma ƙaramin bugun ƙari da aka zubar har sau biyu. Rata 8 ce, kyautar da aka bayar ta fi 8. Oklahoma, an zubar da bugun sanduna biyu, sannan aka tare ƙaramin bugun ƙari aka gudu da ƙwallon har ɗaya ƙarshen filin, maimakon su samu 1 sai aka ba Oklahoma 2. Michigan State kuwa wallahi ko ba ƙungiyarka bace sai ka ji haushi, tsaron Nebraska ya hana su sabunta dama ko sau ɗaya a duk rabi na biyu, Nebraska na gaba 20-13 saura ƴan mintuna, sai mai fant ya doka ƙwallo ɓangaren da abokansa basu nufa ba, Jayden Reed na Michigan State ya karɓa fili fetal a gabansa ya kai ta gida, aka tafi ƙarin lokaci aka cafke jifan Martinez, Michigan State ta buga ta sanduna, wasa ya ƙare. Michigan, ana 29-29 a ƙarshe aka fizge ƙwallo a hannun Martinez, suka buga ta sanduna suka tafi. Purdue, jifa huɗu aka cafke, ɗaya aka mayar tacdawun. Wisconsin, bugun buɗe wasa aka karɓa aka ruga har gida, maki 7 tun mutane basu gama zama ba, kuma da 7 ɗin aka doke su. Iowa, Nebraska na gaba 21-6 a kwata ta uku, aka tare fant aka mayar tacdawun, aka ƙara da maki 2 na cikin gida, Iowa ta zura 22 a jere.

Kamar mai shago ne da ciniki ke kankama tun safe har dare, kaya na fita, amma aljihun da yake zuba kuɗin a huje yake. In ka tsaya ƙirga kwastomomi ba zaka taɓa gane me yasa bashi ke hawa ba.

Ka yi layi uku a takardarka. Na ɗaya makin da aka ci ka ta hanyar bugu, fant da bugun farawa da wanda aka tare. Na biyu makin da suka biyo bayan asarar ƙwallo. Na uku sau nawa ka shiga cikin yadi 40 na abokin hamayya da maki nawa ka fito da shi a matsakaici, wannan ya fi kason jan yanki, wato yadi 20 na ƙarshe kafin gida, da ake nunawa a talabijin, don can ana lissafa bugun maki 3 da tacdawun a matsayin nasara iri ɗaya, alhali wanda ke zuwa bakin gida yana komawa da uku-uku a hankali yake mutuwa. A Minnesota an tsayar da Nebraska a yadi ɗaya da gida a dama ta huɗu, a Ohio State suna baya 23-17 a kwata ta ƙarshe Frost ya zaɓi bugun sanduna aka zubar. Duk a layi na uku zasu shiga.

Sai inda ake fara hari, wanda kusan ba mai kallonsa. A ce kowacce ƙungiya na samun hari 12 a wasa, kai kana farawa daga yadi na 25 su daga na 30, yadi 60 kenan ka bayar da ba zai fito a kowane allo ba. Iowa ta 2023 a nan ta ci abinci, harinta shi ne na ƙarshe a yawan yadi a duk rukunin FBS na manyan makarantu, maki wajen 15 take ci a wasa, amma ta ci wasa 10 saboda tsaro da ƙafar mai fant ɗinta Tory Taylor. Ita ce Nebraska ta 2021 a juye.

Na shida: raba sa'a da hali

Nan ne ake rigima. Masu lissafi sun daɗe da lura cewa in ƙwallo ta faɗi ƙasa, wa zai dira a kanta kusan rabi da rabi ne, siffarta ma bata barin ta yi tsalle inda ake zato. Don haka ka duba sau nawa ta faɗi da sau nawa aka rasa ta, in ƙungiya ta zubar sau 20 ta rasa 16 akwai rashin sa'a a ciki kuma baɗi zai iya gyaruwa da kansa, amma yawan zubarwar kansa ba sa'a bace, riƙo ne da horo. Haka jifan da ake cafkewa, wajen ɗaya cikin biyar na ƙwallayen da masu tsaro suka sa wa hannu ne ke zama cafka, in naka ya zarce haka da nisa ka saurara kafin ka ce kwatabak ya lalace.

Wasannin kusa ma haka ake ɗaukarsu, yawanci ƙungiyar da ta sha kashi da yawa a irinsu tana farfaɗowa a kaka ta gaba. In da kowane wasan kusa jefa kwabo ne, faɗuwa takwas a jere sau ɗaya ne cikin 256. Da wannan hujjar da yawa suka ce a ƙara wa Frost lokaci, kuma shugaban wasannin makarantar na lokacin Trev Alberts ya bar shi, aka rage masa albashi, aka sallami mataimakansa huɗu na ɓangaren hari.

Ni a ganina inda aka yi kuskuren karatun shi ne an tsaya a kaka ɗaya. Dokar farfaɗowa tana aiki ne in kayen ya zo ta hanyoyi mabambanta da ba a iya maimaitawa, amma koma ka kalli jerin can na sama, bugu, bugu, asarar ƙwallo, bugu, abu ɗaya ne ke dawowa, kuma a shekarar ƙungiyar bata da kocin da aikinsa kawai ɓangaren bugu ne. Don haka matakin ƙarshe shi ne ka ja lissafin baya zuwa duk shekarun kocin. Frost ya bar Nebraska da nasara 16 kaye 31, a wasannin kusa kuwa 5 da 22. Kwabo baya faɗuwa haka shekara biyar.

Kakar 2022 ta buɗe a Dublin ta ƙasar Ireland da Northwestern, Nebraska na gaba 28-17 sai Frost ya sa a yi gajeren bugun farawa na caca don ƙwace ƙwallo, bai yi ba, aka doke su 31-28, kuma wannan ce kaɗai nasarar Northwestern a duk shekarar. Sati biyu bayan nan Georgia Southern ta zo har Lincoln ta ci 45-42, washegari 11 ga Satumba aka sallame shi, makarantar ta gwammace biyan dala miliyan 15 da ta jira 1 ga Oktoba lokacin da kuɗin zai ragu da rabi.

In zaka gwada wannan da wata ƙungiyar, Nebraska ta 2023 ƙarƙashin Matt Rhule wurin atisaye ne mai kyau, 5-7 ta gama, sau uku ana doke ta 13-10, a hannun Minnesota da Maryland da Iowa, kuma ta yi asarar ƙwallo sau 31. Fara da jera makin, ka cire ƙananan wasanni, sannan ka cika layukan nan uku ka ga wanne ya fi nauyi a wannan karon, zaka tarar ba layi ɗaya bane da na 2021. Sai a 2024 suka koma wasan bol karon farko tun 2016, suka doke Boston College 20-15 a wasan bol na Pinstripe, shi ma da ratar 5.